Hutun damana a ɗakin bincike: ɗalibai masu koyon awon jini da harshen masu gida

Idan watan Yuni ya ƙare, lakwal ta rufe ƙofa, ɗalibin Nijar ya san inda zai dosa. Ɗan manomi ya koma gona, ɗan mai kanti ya zauna yana taya mahaifinsa lissafi, wanda ba shi da ko ɗaya kuwa ya raba lokacinsa tsakanin fada da gida har ranar komawa aji. A Turai da Amurka ma watannin Yuni da Yuli da Agusta su ne na babban hutu, sai dai can lokacin zafinsu ne, kuma jami'o'insu sun daɗe da samar wa wannan hutu aikin yi. Kowace shekara dubban ɗalibai masu karatun likita da ilimin halittu da haɗa magunguna sukan ɗauki jaka su tafi wata ƙasa, su yi wata ɗaya zuwa wata uku a ɗakin binciken cututtuka, wanda ma'aikatan asibiti ke kira labo. Da rana suna cikin farar riga suna awo, da maraice kuma suna gaban malamin harshe, ko suna cin abinci tare da iyalin da suka sauke su.

Wannan al'ada ta shafi mutumin Maraɗi da na Damagaram ta hanya biyu. Ta farko, cikin cututtukan da ake koya wa waɗannan matasa bincike a kansu har da na ƙasashen zafi, irin su zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da tsargiya. Ta biyu, duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ke da ɗa ko ɗiya a sashen koyon likita, wata rana ana iya kawo masa takardar neman irin wannan tafiya, kuma ya kamata ya san abin da zai sa wa hannu.

Tsohuwar hanya ce

Tafiya neman ilimin cuta a ƙasar wasu ta girmi jirgin sama. Cikin shekara ta 1886 wani matashin likita ɗan Japon, Kitasato Shibasaburo, ya fara aiki a Barlin wajen Robert Koch, mutumin da ya gano ƙwayar tarin huka. A wancan zamani Jamusanci ne babban harshen likitanci, saboda haka Kitasato bai sami hanyar ɗakin bincike ba sai ta ƙofar harshe. A 1889 ya zama na farko da ya raini ƙwayar tetanos ita kaɗai ba tare da gauraye ba, a 1890 kuma shi da Emil Behring suka wallafa, da Jamusanci, aikin da ya buɗe hanyar yin magani da ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi. Da ya koma gida a 1892 ya kafa cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa a Tokyo.

A Pari, Emile Roux ya buɗe darasin koyar da dabarun binciken ƙwayoyin cuta a cibiyar Pasteur cikin 1889, likitoci baƙi suka riƙa zuwa suna zama na ƴan makonni, su koma garuruwansu da sabon hannu. Maida abin na ɗalibai ƙanana masu hutu kuwa ya bunƙasa ne bayan yaƙin duniya na biyu. Cibiyar Cold Spring Harbor da ke kusa da New York ta fara karɓar ƴan jami'a lokacin hutu a 1959, kuma cikin rukunin farko akwai wani saurayi mai suna David Baltimore, wanda ya sami kyautar Nobel ta likitanci a 1975.

Yadda ake shirya tafiyar

Shirye-shiryen sun kasu gida biyu, kuma bambancinsu na kuɗi ne. Akwai wanda iyaye ke biya: jami'ar ɗalibi ta ƙulla yarjejeniya da wata jami'a a Faransa ko Spaniya ko Jamus, ta haɗa aikin labo da darasin harshe da masauki da ziyarar wuraren tarihi, ta sa farashi guda, kuma makin da yaro ya samu ya shiga cikin lissafin karatunsa. Akwai kuma wanda ake ba ɗalibi bursi, a biya masa jirgi da ɗaki da abinci. Wannan na biyu gasa ce, masu nema sun ninka gurabe sau da yawa.

Hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, DAAD, ta buɗe shirinta mai suna RISE a 2005, da farko domin ɗaliban Amurka da Kanada, daga baya aka ƙara da na Ingila da Ayalan. Dabarar shirin mai sauƙi ce. Ɗalibin Jamus mai shirya doktora, wanda aiki ya yi wa yawa, shi ke rubuta irin taimakon da yake so. Baƙo ya zo ya zama mataimakinsa na mako 10 zuwa wata 3. Mai gida ya sami hannu, ya kuma gyara Ingilishinsa, baƙo ya koyi aiki, ya tsinci Jamusanci. A tsakiyar hutun ana tara baƙin duka a birnin Haidalbag na kwana uku, kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ke yi.

Gidauniyar kamfanin magunguna na Amgen ta fara nata shirin da jami'o'in Amurka a hutun 2007, ta faɗaɗa shi zuwa Turai, inda cibiyar Pasteur ta shiga a 2015. A wannan shekara aka buɗe reshen Japon a jami'o'in Tokyo da Kyoto, aka kuma ba ɗaliban kowace ƙasa izinin nema. A Lozan ta ƙasar Suwis, inda Faransanci ake yi a titi, jami'ar birnin da babbar makarantar fasaha ta EPFL kowace ta kafa shirin wata biyu na binciken halittu domin baƙi. Hukumar lafiya ta Amurka, NIH, ta kafa nata a 1993 saboda ɗalibai baƙar fata da sauran tsiraru, ta yi fiye da shekara 25 tana aika su ƙasashen waje, har da na Afirka, na mako 10 zuwa 12.

Akwai kuma hanyar da ɗalibai suka share wa kansu. Ƙungiyar ɗaliban likita ta duniya, IFMSA, wadda aka kafa a Kopenhag a 1951, tana musayar ɗalibai na mako 4. Ƙungiyar wata ƙasa ta karɓi baƙo, ta ba shi ɗaki da abinci, ta kai shi wajen malami, ita ma a karɓi nata ɗan a can. Ƙungiyoyin ɗaliban Najeriya da Gana da Maroko da Tunisiya suna cikinta.

Yinin ɗalibi a labo

Makon farko ba a ba baƙo aikin kirki. Ana koya masa dokokin tsaro: yadda ake sa safar hannu da cire ta, inda ake jefa allura, abin da zai yi idan jini ya zube. Sa'an nan a miƙa masa pipet, wato ɗan bututun da ake tsotsar ruwa da shi a auna. Ɗigon ruwa guda ya kai kimanin mikrolita 50, shi kuwa ana so ya auna mikrolita 1 ko 2 sau ɗari ba tare da hannunsa ya saɓa ba. Wanda ya taɓa kallon mai sayar da zinariya yana awo zai gane irin natsuwar da ake nufi.

A ɗauki misalin ɗalibin da aka sa a sashen zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar da ta fi kisa, Plasmodium falciparum, ana rainonta ne cikin jinin mutum a ƴar kwalba, da ɗumi na digiri 37 daidai da na jiki, da iska mai ƙarancin oksijan. William Trager da James Jensen ne suka fara cin nasarar wannan reno a New York cikin 1976, kuma ɗaya daga dabarunsu ta farko ita ce kunna kyandir cikin tulun gilashi a rufe, ya cinye wani kashi na iskar kafin ya mutu. Ƙwayar tana cika zagayenta cikin awa 48: ta shiga jan ƙwayar jini, ta girma, ta rabu, ta fasa ta fito. Kullum sai an canza mata ruwan abinci, an shafa ɗigon jini a gilashi, an rina shi, an ƙirga a madubin mikroskop ƙwayoyin jini nawa suka kamu. Ba ta san Asabar ba, ba ta san Lahadi ba. Ɗalibin da ya tafi yawon buɗe ido kwana uku bai bar wa kowa amanar kwalbarsa ba, zai dawo ya tarar da aikin wata guda ya mutu.

Dabara ta biyu da kusan kowane baƙo ke koya ita ce PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ta jawo masa Nobel a 1993. Ana ɗaukar ɗan guntun ADN, wato zaren gadon halitta, a sa shi a inji mai dumama shi da sanyaya shi bi da bi. Kowane zagaye yana ninka guntun biyu, saboda haka zagaye 30 na iya maida guda ɗaya ya haura miliyar. Ta haka ake gane ƙwayar cuta ko da ta mutu, ko da kaɗan ce ƙwarai. Amma injin ba ya tambayar asalin abin da yake ninkawa. Ƙura ƴar kaɗan daga awon jiya ta isa ta sa mai lafiya ya fito da cuta a takarda. Shi ya sa ake tilasta wa ɗalibi ya haɗa kowane awo da kwalbar da babu kome ciki sai ruwa. In ita ma ta nuna cuta, aikin ranar duka ya tafi shara.

Duk abin da ya yi yana rubuta shi a littafin labo da kwanan wata, har da wanda bai yi kyau ba. Littafin na labo ne, ba ya tafiya da shi. A makon ƙarshe ya tsara sakamakonsa a babban allo, ya tsaya gaban malamai ya amsa tambayoyi. Sau da yawa sakamakon mako 10 ɗan ƙarami ne, wani lokaci ma amsar ita ce hanyar da aka gwada ba ta ɓullewa. Malaman kirki ba su raina wannan, domin ta rage wa na baya wahala.

Me ya kawo harshe cikin awon jini?

Mai karatu na iya tambaya: tun da yau mafi yawan takardun kimiyya da Ingilishi ake wallafa su, kuma a manyan labo na Barlin da Tokyo da shi ake taro, ina amfanin wahalar da yaro da Jamusanci ko Japananci? Amsa ta farko tana cikin labo ɗin kansa. Farfesa yana jin Ingilishi, amma ma'aikaciyar da ta yi shekara 20 tana haɗa ruwan awo, wadda ta san injin da ke ƙarya da wanda ke gaskiya, sau da yawa da harshenta take aiki. Baƙon da ya iya gaishe ta, ya iya neman taimako da ladabi, shi ake nuna wa abin da ba a rubuta a littafi ba. Haka kuma kowace ƙasa da yadda ƙarami ke yi wa babba magana. A wani wuri ana so ɗalibi ya yi gardama da malaminsa a gaban jama'a, a wani wurin yin haka rashin tarbiyya ne. Wanda bai karanci wannan ba yana iya ɓata wa masu gida rai bai sani ba.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, kuma a Afirka ta fi fitowa fili. Jinin da ke cikin kwalba daga jikin mutum ya fito, mutumin kuma yana da harshe. Tun daga sanarwar Helsinki ta 1964, ƙa'idar duniya ita ce ba a sa mutum cikin bincike sai an yi masa bayani ya fahimta, ya kuma yarda da kansa. Takardar yarda da aka rubuta da Faransanci ko Ingilishi, aka sa wa uwa ta dangwala yatsa, ba ta zama yarda ba sai in an warware mata da harshen da take mafarki da shi.

Abin da ya faru a Kano ya isa darasi. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, an kuma yarda da baki, ya ce cutar ce ta kashe yaran. Aka yi shekaru ana shari'a a Najeriya da Amurka, har a 2009 aka sasanta da jihar Kano kan dalar Amurka miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Babban ɓangare na wannan rigima a kan magana ya tsaya: me aka faɗa, da wane harshe, wa ya ji.

Ko inda babu rigima, rashin sanin al'ada na gurɓata lissafi. Mai bincike ya tambayi uwa ko ɗanta ya yi rashin lafiya a makon jiya, ta ce lafiya lau, alhali ya kwana uku yana zawo, domin a wajenta zawon haƙori ba ciwo ba ne, hanya ce da kowane yaro ke bi. Ya tambayi sunan yaro, ta yi shiru ta dubi ƙasa, ya rubuta cewa ta ƙi ba da haɗin kai, bai san ɗan fari ne ba, kunya ce ta hana ta ambatarsa. Kalmar shawara kuma tana iya nufin ciwon hanta, tana iya nufin wani abu dabam da ya sa ido ya yi rawaya. Inji mai tsadar miliyoyi ba zai gyara amsar da aka rubuta a karkace tun daga zaure ba.

Marigayi Farfesa Ogobara Doumbo na Mali, wanda shi da Yeya Toure suka kafa cibiyar binciken zazzaɓin cizon sauro ta Bamako, MRTC, a 1992, ya gina sunansa a kan wannan fahimta. Ɗan ƙasar Dogon ne, daga gidan masu maganin gargajiya. Kafin a ɗebi jinin kowa a ƙauye, sai an zauna da dattawa, sa'an nan masu gida, sa'an nan iyaye mata, kafin a zo kan yardar mutum shi kaɗai. A Banjagara ma'aikatansa sun haɗa kai da masu maganin gargajiya domin su riƙa turo yaran da zazzaɓi ya kai ga suma. Ya rasu a 2018, ya bar ɗalibai masu yawa da suka yi karatu a waje suka koma Bamako aiki.

Hanyar ta fi gangarowa wuri guda

Duk da alherin da ke cikin wannan musaya, ma'auninta bai daidaita ba. Ɗalibin Boston ko Liyon mai son ganin Afirka fasfo ɗinsa ya ishe shi buɗe ƙofofi da yawa. Takwaransa na Yamai sai ya nemi biza, ya nuna takardar gayyata da ta banki, ya sayi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000 in Turai za shi, kuma bizar gajeren zama ba ta wuce kwana 90. Kowane yuro 1000 daidai yake da jika 656 na sefa. Manyan shirye-shirye da dama kuma, kamar RISE, an ɗinka su ne domin ɗaliban wasu ƙasashe ƙidayayyu.

Masana na Afirka sun daɗe suna kuka da wani salon bincike: baƙo ya sauka, ya ɗebi jini da bayanai, ya tashi, takarda ta fito da sunansa a gaba, na masu gida a ƙarshe ko babu. Akwai kuma nauyin da baƙon mako 8 ke ɗora wa labo mai ƙaramin ƙarfi, domin mai koya masa ya bar nasa aikin, kayan awon da ya ɓata wajen koyo kuwa da kuɗin waje ake sayo su. Shirin da ya san ya kamata yana biyan labo ɗin da ya karɓi baƙo, yana kuma karɓar ɗan masu gida a madadinsa.

Nijar ta taɓa zama masaukin irin waɗannan baƙi. Jami'ar Boston ta yi fiye da shekara 20 tana aiko ɗalibanta Yamai, ba domin labo ba, domin nazarin ci gaban ƙasa, suna koyon Hausa ko Zabarmanci, suna zama da iyalai, wasu suna koyon sana'a wajen maƙera da dukawa. An rufe shirin a 2011, bayan sace wasu samari biyu Faransawa a wani gidan abinci na Yamai cikin watan Janairu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, ta rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024, abin da ya tsayar da tafiyar ɗalibai da yawa. Ilimin cuta ba ruwansa da iyaka, amma mai nemansa da ƙafa yake tafiya, ƙafa kuwa tana tsayawa inda aka sa shinge.

Abin da ke gida da maƙwabta

Ƙasar waje ba Turai kaɗai ba ce. Ban da Bamako, akwai cibiyar Pasteur ta Dakar, wadda ke yin allurar rigakafin ciwon shawara tun shekarun 1930. A Akra akwai cibiyar Noguchi, da Japon ta gina a 1979 domin tunawa da likitanta Hideyo Noguchi da shawara ta kashe a garin a 1928, ga kuma cibiyar WACCBIP ta jami'ar Gana da aka kafa a 2014. Ɗan Nijar da ya sauka Akra zai koyi Ingilishi a labo, in kewar gida ta kama shi ya shiga unguwar Nima ya yi ciniki da Hausa. A Nanoro ta Burkina Faso, Farfesa Halidou Tinto ya jagoranci gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 a kan yara 450, sakamakon ya fito a 2021. A garin Ede na Najeriya, cibiyar Farfesa Christian Happi ce ta fara karanta zaren gadon ƙwayar korona a Afirka cikin watan Maris 2020, kuma tun 2014 ta riƙa aika matasanta horon lokacin hutu a jami'ar Harvard. Duk waɗannan garuruwa mota na zuwa.

A Yamai akwai CERMES, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 domin binciken sanƙarau da tsargiya, ta koma hannun gwamnatin Nijar a 2002, ta shiga sahun cibiyoyin Pasteur a 2003. Ta yi amfani da PCR wajen bin sawun sanƙarau, domin ruwan ƙashin baya da aka ɗebo a likitar ƙauye mai nisa yakan iso ƙwayar ta riga ta mutu, amma zaren gadonta na nan. Irin wannan awo ne ke faɗa wa hukuma wane jinsin ƙwaya ke yawo, wace allura za a sayo. An ga muhimmancinsa a 2015, lokacin da jinsin C ya kama fiye da mutum 8000 a ƙasar, ya kashe fiye da 500, alhali allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 jinsin A take karewa.

A jihar Maraɗi kuma, tsakanin 2014 da 2015, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci MSF ta gwada wani rigakafin zawon yara da ake ɗigawa a baki, mai jure zafi, wanda aka yi a Indiya. Jarirai fiye da 3500 na Madarunfa ne aka yi lissafin a kansu, kuma sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kashi 66.7 cikin 100. Iyayen waɗannan jarirai Hausa suke ji. Aikin da duniya ta karanta da Ingilishi, da gaisuwa a ƙofar gida ya fara.

Nan ne ɗalibin Nijar ke da jarin da baƙo ke biyan kuɗi ya nema. Abin da ɗan Amurka zai yi wata uku yana tuntuɓe a kansa, shi da shi aka haife shi. Abin da ya rage masa hannun labo ne da Ingilishi. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda ya yi karatun kimiyya a Faransa, ya ƙaro a Tarayyar Sobiyet, ya dawo ya riƙe ofishin binciken hasken rana, ya rubuta tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka cewa a koyar da yara da harsunansu. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka ta faɗi nata. Samar da kalmomin da za a yi wa uwa bayanin ADN da rigakafi da gwaji da su kuwa, sai wanda ya san labo ya kuma san zaure.

Kafin uba ya sa hannu

Wata biyu ba su maida yaro masani, ba su kuma sa shi ya ƙware a harshe. Abin da yake dawowa da shi shi ne hannun da ya saba da awo, ɗabi'ar rubuta gaskiya ko ba ta yi daɗi ba, ƴan ɗaruruwan kalmomi, da malami guda da ya ga aikinsa da idonsa. Takardar shaidar wannan malami ita ce sau da yawa ke buɗe ƙofar mastar ko doktora daga baya. Ta nan kuma haɗarin yake, domin ƙofar da ta buɗe wa yaro ita ce ke iya hana shi dawowa. Misalin Bamako ya nuna cewa masu dawowa su ne waɗanda suka san akwai labo da albashi da ke jiran su.

Uban da aka kawo wa irin wannan takarda yana da tambayoyin da ya kamata ya yi. Wane labo ne, wane malami ne zai riƙe yaron, kuma malamin nan na jami'ar gida ya san shi? Wa ke biyan jirgi da ɗaki da inshora? Awa nawa ne na harshe a mako, kuma a gidan iyali za a sauka ko cikin sauran baƙi, inda ba za a ji kome ba sai Ingilishi? Shiri mai bursi na gaskiya ba ya neman a aika kuɗi ga wani mutum domin a saki takardar gayyata. Duk wanda ya nemi haka ta waya ko ta intanet, ɗan damfara ne.

Attajiran Maraɗi da Damagaram da Tawa sun gina masallatai da makarantu da rijiyoyi. Ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko ta André Salifou su yi wata biyu a Bamako ko Dakar ko Akra bai fi ƙarfinsu ba, kuma ana iya ɗaura masa sharaɗi: wanda ya tafi ya dawo ya koya wa ƴan ajinsa abin da ya gano, ya kuma yi bayaninsa da Hausa a rediyon gari. Ma'aikatan da ke riƙe da takardu su ma suna da nasu rabo, domin fasfo da takardar maki da suka makara mako biyu sun isa su kashe tafiyar shekara.

Yawancin manyan shirye-shirye suna rufe karɓar takardu tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ana neman takardar maki, da wasiƙar malami ɗaya ko biyu, da shafi guda inda ɗalibi zai faɗi abin da yake son bincikawa da dalilinsa, galibi da Ingilishi. Da sanyin safiya ake kama fara: mai son damana ta same shi a labo, tun ana yankan hatsi zai je ya gaida malaminsa ya roƙi wasiƙa.